Littafin Sito da Sirrin Manomi

Masu saye da tara riɗi da zoɓo a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da ku nake. Aikina riƙe littafin sito, kuma abin da na fi gani shi ne ana rubuta kuɗi, ana mantawa da kaya. Yaron sito zai sa "Alhaji, buhu 40", shi ke nan. Wane Alhaji? Daga wane ƙauye? An sa wa kayan magani ko ba a sa ba?

Kayanmu ba a kasuwar Dawanau suke tsayawa ba. Kafin su bar ƙasar nan sai hukumar NAQS ta duba ta ba da takardar shaidar lafiyarsu, mai saye a ƙetare kuma yana son sanin asalinsu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari ya yi yawa a jikinsa. Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ita ma ta taɓa rufe ƙofa saboda ƙwaron ajiya. Ran da aka yi ƙorafi, mai rubutu ne kaɗai zai iya nuna buhunan da matsalar ta fito. Wanda ba shi da rubutu, duk abin da ke sitonsa ya shiga zargi, har da na manomin da bai taɓa fesa komai ba.

A sa wa kowane buhu lamba a jikinsa. Lambar ta shiga littafi tare da sunan mai kaya, garinsu, ranar awo, abin da sikeli ya nuna da maganin da aka sa. Rasit biyu, ɗaya nasa, ɗaya naka.

Sai dai littafin da ya cika haka ya zama amana, kuma nan ne muke sakaci. Shafi ɗaya yana ɗauke da lambar wayar mutum, lambar asusunsa, wani lokaci har NIN, da bashin takin da ya ci da damina. Na ga irinsa a buɗe kan benci ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, an danne shi da dutse, kowa ya zo sai ya leƙa. Na ga ana ɗaukar hoton shafi ana turawa ta WhatsApp don kawai a nuna an yi ciniki. Dillalin da ya san bashi ya yi wa manomi katutu, ya san zai sayar ko a nawa, sai ya karya masa farashi. Ɗan damfara kuwa lambar waya da sunan banki sun ishe shi. Abin yana min ciwo, domin mutumin nan yarda ya yi da mu ya ba mu.

Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Abin da ka karɓa don ciniki, a kan cinikin zai tsaya, ba ka da hurumin miƙa wa wani ba da yardar mai shi ba. Jami'in hukuma da ya zo da shaidar aikinsa, a nuna masa abin da bincikensa ya shafa. Manomi in ya nemi ganin lissafinsa, a rufe layin sauran da takarda a nuna masa nasa. Ɗan siyasa mai neman sunaye da lambobi "don tallafi", a ce ya je ya tambayi masu su da kansa.