Hukuncin Karɓar Magani Daga Hannun Baƙo: Darasi Daga Cutar Shan Inna



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai da komowa a zaurukan malamai, watau ko ya halatta Musulmi ya miƙa ɗansa ga maganin da wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta kawo kyauta, alhali masu ƙungiyar ba Musulmi ba ne. Babu inda wannan tambaya ta yi zafi kamar a kan ɗigon rigakafin shan inna, saboda haka a kansa darasin wannan mako zai tsaya.

Sunan cutar kansa ragowar camfi ne, domin mutanen da sun ɗauka wata aljana ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ƙwayar cuta ce da ke fita cikin bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, ta bi ta baki ta zauna a hanji. Yawancin yaran da ta kama ba a ganin alamar kome a jikinsu, amma wajen ɗaya cikin 200 sai ta taɓa masa laka, ƙafa ta shanye har abada. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in ta riga ta yi ɓarna ba ta da magani. A shekarar 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Rotary suka ɗaura aniyar kawar da ita, tana nakasa yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125.

Masu cewa rigakafi jayayya ce da ƙaddara, amsarsu tana cikin tarihin sahabbai. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, sai labari ya tarye shi a Sarg cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ke nan. Umar ya nuna masa cewa daga wata ƙaddara aka gudu zuwa wata, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Hausawa ma sun ce rigakafi ya fi magani.

Game da hannun da maganin ya fito kuwa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya yi masa jagora a tafiyar Hijira, tun yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Abin da malamai suka fitar daga nan shi ne, a al'amuran duniya irin su magani ana duban gwanintar mutum da amanarsa.

To, a kan amanar ne aka sami matsala, kuma adalci ne a faɗi cewa zargin mutanen Kano yana da tushe. A shekarar 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a birnin, gwajin da ya haɗa da yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka da jita-jita ta bazu a 2003 cewa an sa wa ɗigon shan inna abin hana haihuwa, sai ta sami kunnuwa a buɗe, har Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da aikin.

A nan mas'alar take da zurfi. Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuri'a, da dukiya. Waɗanda suka ƙi ɗigon suna ganin zuri'a suke tsarewa, waɗanda suka karɓa kuma rai da lafiya. A irin wannan hali umurnin da ke cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, shi ne a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin rashin sani a dawo ana nadama. Neman bincike hakki ne, kuma an yi shi: an tura wakilai ƙasashen waje, an gwada maganin, a ƙarshe Kano ta koma aikin a watan Yuli na 2004 da maganin da aka yi a Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Amma shi bincike yana da iyaka. Da zarar masana amintattu sun tabbatar da abu, wanda ya ci gaba da riƙe jita-jita ya bar umurnin ayar ya koma bin zato.

Jinkirin ya yi tsada. Yaran da cutar ta nakasa a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa 1,122 a 2006. Ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, cikinsu har da Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiya. Har ta kai hukumomin Saudiyya suka riƙa ɗiga wa alhazan Nijeriya maganin in sun sauka, manya da tsofaffi. Yaran da aka hana wa ɗigon ba su suka yanke shawarar ba, iyaye ne, kuma hadisi ya tabbatar da cewa kowane mai gida makiyayi ne da za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Gyaran ya zo ne lokacin da aikin ya koma hannun mutanen da jama'a ta sani. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da limamai suka shiga, mata 'yan unguwa suka riƙa shiga gida gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Wasu sun ba da rayukansu a kan haka, domin a watan Fabrairu na 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. An ga ƙwayar ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Barno cikin 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ita.

Sai dai wani nau'i na ƙwayar yana ci gaba da ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami ɗigon ba, ita ta asalin kuma tana nan a Afganistan da Pakistan. Wannan ne dalilin da ya sa masu ɗigon ba su daina sallama a ƙofofin gidaje ba.