Asirin Wa Za Mu Rufe?

'Yata,

Na ji dattawan ikilisiya sun danƙa miki makarantar Lahadi ta yara. Na yi murna, na gode wa Allah. Ni ma na riƙe wannan aiki shekaru masu yawa, tun muna koyarwa a gindin mangwaro, allo jingine da kututture. Masu ba ki shawara a kan waƙoƙi da haddar aya da shirin Kirsimeti ba za su yi kaɗan ba. Tawa maganar daban ce, kuma ni ban sami mai faɗa mini ita ba sai da na yi kuskure.

Akwai wata yarinya a ajina, ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Allah ya ba ta murya, ita ke ɗaga mana waƙa. Wata Lahadi bayan an tashi sujada ta tsaya a bayana, ta ce ba za ta ƙara zuwa koyon waƙar yamma ba. Na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗankwalinta, ta ce, "Mama, ni dai ba na son malam ya riƙa raka ni gida." Malamin nan kuwa kowa yabonsa yake yi. Shi ke buɗe majami'a, shi ke kullewa, shi ke saya wa yara alewa daga aljihunsa. Na ce mata, "Bawan Allah yana taimakonki kina gudunsa? Bar wannan rashin kunya." Ta yi shiru ta tafi. Sai bayan shekara biyu maganar ta fito fili, kuma a lokacin ba ita kaɗai ba ce. Ga shi na tsufa, amma 'yan yatsun nan masu murza ɗankwali ba su bar idona ba.

Abin da ban gane ba a ranar shi ne yadda yara ke kai ƙara. Yaron da aka cuta ba ya zuwa ya zayyana miki labari daga farko har ƙarshe. Ɗan ƙwanƙwasa ƙofa yake yi, ya ga ko za a buɗe. Wani zai ce ba ya son zuwa gidan wane. Wata za ta daina cin abinci, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari, ko ki gan ta da kuɗi ko waya da iyayenta ba su san inda ta samo ba. Ba 'yan mata kaɗai ba, har yara maza, su ma kunya ta fi ɗaure musu baki. Mai cutar yara kuma da wuya ya zama baƙo. Yawanci wanda aka sani ne, aka yarda da shi, ya ɗauki lokaci yana sayen zuciyar iyaye kafin ya kai ga ɗansu.

Saboda haka in yaro ya buɗe miki baki, ki ajiye abin da ke hannunki ki zauna daidai tsayinsa. Kada ki yi salati ko kururuwa, don in ya ga kin firgita zai haɗiye sauran. Ki bar shi ya faɗa da bakinsa, ban da sa masa magana, ban da "me ya kai ki can?" Ki ce masa ya yi daidai da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. In ya roƙe ki kada ki gaya wa kowa, kada ki ɗauki alkawarin da ba za ki cika ba. Ki gaya masa gaskiya: za ki faɗa wa waɗanda za su taimake shi ne kawai. A ranar nan ki rubuta abin da ya ce, da kalmominsa, da kwanan wata. Bincike ba aikinki ba ne. Kada ki je ki tunkari mutumin, kuma kada ki yarda a zaunar da yaro gaba da gaba da wanda yake tsoro a ce ya maimaita.

In abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko, tun kafin taron dattawa. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kada a wanke tufafin, shaida ce. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Kafanchan da Zariya da cikin garin Kaduna, waɗanda aka buɗe musamman don irin wannan. Sannan ki sanar da fasto ko wanda ikilisiya ta ɗora wa wannan nauyi. In kuwa wanda ake zargin shi ne faston, ko ɗan'uwansa, ko ki ga ana jan ƙafa, sai ki haura sama, ki kai wa shugabannin gunduma ko ofishin bishop. Kai wa fasto kuma bai ɗauke kai wa hukuma ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma kwana da yaro laifi ne babba, ko da an ce da yardarsa. Akwai 'yan sanda, akwai jami'an jin daɗin jama'a, akwai hukumar NAPTIP, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ki nemi lambobinsu tun yau ki rubuta a bangon rajistar yara.

To, nan ne za ki gamu da abin da ya fi wuya. Mutanen kirki, waɗanda kike girmamawa, za su zo miki da murya mai sanyi. Za su ce, "A rufa asiri, kada a ɓata sunan ikilisiya." Za su ce, "A bar wa Allah." Za su ce wa zai auri yarinyar in aka ji. Wasu ma za su ce shafaffen Allah ne, ba a taɓa shi. Rufin asiri abu ne mai kyau a al'adarmu, har addu'a muke yi da shi. Amma ki tambaye su, cikin ladabi, asirin wa za mu rufe? Na yarinyar, wannan wajibi ne: kada sunanta ya shiga bakin 'yan Zumuntar Mata da sunan roƙon addu'a, kada hotonta ya hau WhatsApp. Shi kuwa wanda ya yi aika-aikar, rufa masa asiri miƙa masa yaro na gaba ne.

Ki koma Littafin Sama'ila na Biyu, sura ta 13, ki sake karanta labarin Tamar. Ɗan'uwanta Amnon ya ci mutuncinta, wani ɗan'uwanta Absalom ya lallashe ta ta yi shiru, Sarki Dawuda ya ji ya husata amma bai ɗauki mataki ba. Shirun bai tsirar da gidan ba. Bayan shekara biyu jini ya zuba a cikinsa.

A zamaninmu ma an gani. A Ingila an yi wani lauya, John Smyth, mai jagorantar sansanonin matasa Kirista, wanda ya riƙa yi wa samari mugun duka da sunan horon ruhaniya. Tun 1982 wasu shugabanni suka sami rahoto a rubuce, suka danne. A 1984 ya koma Zimbabuwe, ya buɗe sababbin sansanoni, ya ci gaba da cutar yaran Afirka. Ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba tare da an hukunta shi ba. Da rahoton bincike ya fito a Nuwamban 2024, Akbishop na Kantabari, Justin Welby, sai da ya ajiye muƙaminsa. Sunan da aka yi shekara arba'in ana karewa ya zube a rana ɗaya, kuma yaran da aka yi shiru a kansu su suka biya. Irin wannan ɗaci ne ya sa Paparoma Francis ya kafa doka a 2019, wadda ta wajabta wa limaman Katolika kai rahoto, ta kuma umarci kowace dayosis ta buɗe hanyar karɓar ƙorafi. Mu ma a nan mun san yadda ake yi: a ɗauke mutum cikin dare a tura shi wata ikilisiyar ƙauye, ba tare da an gaya wa mutanen can kome ba.

Za a kuma kawo miki maganar gafara. Ni na gaskata da gafara, da ita nake raye. Amma mu kanmu, ma'ajin da ya ci kuɗin baiko, ko ya tuba da hawaye, ba ma mayar masa da makullin akwati. Yaya za mu fi tsaron kuɗi a kan 'ya'yanmu? Wata shida a bencin baya a ƙarƙashin horo bai wanke laifin da doka ta hana ba. Mai tuban gaskiya ba ya gudun hukunci, ba ya kuma neman a mayar da shi cikin yara. Kada kuma a matsa wa yarinya ta ce ta yafe tun ciwonta na ɗanye.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma ba ya cin kuɗi. Kowane aji ya kasance da manya biyu. Ƙofa a buɗe, ko fasto ne ke ba da shawara. Babba ba ya kai yaro gida shi kaɗai sai da sanin iyaye, ba ya hira da shi a waya da dare. In za a kwana a sansani ko babban taro, a san wa ke kwana ina. Sabon zuwa, kome daɗin bakinsa, a jira a san shi, a tambayi ikilisiyar da ya baro. Wani zai ce ana zarginsa ne. Ki ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ƙa'idar nan tana kare malami mai gaskiya daga ƙazafi kamar yadda take kare yaro. In zargi ya taso, wanda ake zargi ya koma gefe har a gama bincike, ba tare da an yanke masa hukunci a bakin kasuwa ba. Idonki kuma ya kai ga 'yan aikin gida, da marayu, da 'yan gudun hijirar da ke kwana a harabar majami'a, domin su ne ba su da mai tsaya musu.

Yarinyar nan mai murza ɗankwali ta girma, tana da 'ya'yanta. Na neme ta na roƙi gafararta, ta kuwa yafe mini. Amma ta faɗa mini abin da nake so ki riƙe: ta ce a duk ikilisiyar ni ta zaɓa, don ta ɗauka ni ce zan ji. Wata rana wani yaro zai zaɓe ki haka, 'yata. Zai tsaya a bayanki bayan sujada, ya faɗi 'yar magana wadda ba ta kai ta kawo ba. Ki juyo ki zauna.

Ubangiji ya ba ki kunne da ƙarfin zuciya, ya tsare yaran da ya ba ki amana.

Mamanki.