Darasin Wannan Wata: Sha-Ka-Tafi Daban, Kwanciya a Asibiti Daban

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. To, amma ciwo ba ya sallama, kuma sau da yawa yakan zo ne lokacin da aljihu ya bushe. Manoma da yawa sun sayar da akuya ko buhun dawa don biyan kuɗin asibiti. Saboda haka aka kawo tsarin inshorar lafiya, wanda a Jihar Kano ake kira taimakekeniyar lafiya. Darasin wannan wata zai bayyana wa mutanen Daura ta ƙasar Karaye, da maƙwabtansu na Rogo, yadda katin wannan tsari yake aiki.

Mece ce taimakekeniya?

Tana kama da gayya. Jama'a da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, duk wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga ciki. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar tsarin a 1999, aka fara aiki da shi a 2005. Jihar Kano ta kafa tata hukumar, wato KSCHMA, da dokar 2016. A 2022 kuma aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya. Akwai kuma asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda daga cikinsa ake biya wa marasa ƙarfi, kamar mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu.

Ƙofa ta farko: sha-ka-tafi

Wannan shi ne mutum ya je asibiti, a duba shi, a ba shi magani, ya koma gida ya kwana a ɗakinsa. Zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba, da mura, da gudawa, da awon ciki, da allurar rigakafin yara, da wankin ciwo, da awon hawan jini, duk a nan suke.

Lokacin rajista, mai kati yakan zaɓi asibiti ɗaya, galibi na kusa da gida. Wannan asibitin ne ake ba wa kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Ke nan an riga an biya masa kuɗin ganin likita. Amma idan ya tsallake asibitinsa ya tafi wani don ganin dama, katin ba zai yi masa amfani ba, daga aljihunsa zai biya.

Ƙofa ta biyu: kwanciya

Wannan shi ne likita ya ga ciwon ya fi ƙarfin a koma gida, ya ba mutum gado. Misali, yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, ko mai buƙatar ƙarin jini, ko matar da za a yi wa tiyata a ciro jariri, ko wanda ya yi mummunan hatsari a kan babur.

Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai a rubuta takardar turawa zuwa babba, kamar Babban Asibitin Karaye ko na Rogo. In abin ya ci tura, sai a wuce Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tare da takardar akan nemi lambar izini daga masu kula da asusun. Dalili kuwa shi ne, babban asibiti ba a biyansa tun da wuri. Sai ya yi aiki, sannan ya kai lissafi a biya shi. In babu lamba, babu tabbacin biya, sai a juyo kan masu jinya. Yawancin rigimar da ake yi a bakin tagar biyan kuɗi daga nan take tasowa.

Sai dai akwai togaciya. Dokar 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Mace na zubar da jini, ko maciji ya sari mutum a gona, ba a jiran takarda. A garzaya asibiti mafi kusa, a nuna kati, sauran bayani ya biyo baya.

A lura: ba duk hawa gado ne kwanciya ba. Akan sa wa mutum ƙarin ruwa na 'yan awoyi a sallame shi a ranar. Ya kamata mai jinya ya tambaya, "An ba shi gado ne, ko za mu koma gida yau?"

Kowace ƙofa da iyakarta

Ga misali daga ƙa'idojin da hukumar tarayya ta fitar a 2012 don ma'aikata. Kati yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wajen magani, mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100. Idan maganin naira 2,000 ne, zai biya naira 200. Wajen kwanciya kuwa, kwana 21 ne a shekara, kuma a ɗakin kowa da kowa. Wanda ya kwanta kwana 8 da damina, ya sake yin 6 da kaka, ya ci 14, saura 7. Wanda ya nemi ɗaki na musamman, shi zai ɗauki nauyin ƙarin.

Kowane shiri da nasa jerin abubuwan da yake biya. Na ma'aikata daban, na masu sana'ar kansu daban, na marasa ƙarfi daban. Don haka tun ranar rajista, a nemi jami'i ya karanta jerin. A tambaye shi abu huɗu: Wane asibiti aka rubuta a katin? Kwana nawa aka yarda a kwanta? Tiyata da ƙarin jini suna ciki? Abinci da kuɗin mota fa? Matambayi ba ya ɓata.

A adana kati inda uwargida ta sani, domin ciwon dare ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Duk kuɗin da aka biya a asibiti kuma, a karɓi rasit. Wanda ya iya karatu ya taimaki wanda bai iya ba.

Tambayoyi don aji

1. Mene ne bambancin sha-ka-tafi da kwanciya?
2. Waɗanne abubuwa biyu ake nema kafin a je babban asibiti?
3. Yaushe ne ba a jiran takarda?
4. Magani na naira 3,500 ne. Nawa ne kashi 10 cikin 100?
5. Mutum ya kwanta kwana 9, ya sake yin 5. Kwana nawa suka rage cikin 21?