YADDA NA HAƊA KABAD MAI DUROWA HUƊU

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku labarin aikin da na yi a zauren gidanmu, ko wani ya amfana da shi. Da bikin yayata ya ƙarato, sai na roƙi Baba ya bar ni in haɗa mata kabad ɗin ajiye tufafi da hannuna. Ya yarda, amma ya ce, "Kuɗin katako sau ɗaya zan bayar. In ka ɓata, kai da yayarka." Kawuna tsohon kafinta ne, shi ya ara mini zarto da guduma da sukwaya da abin kankare katako, ya kuma zauna yana duba ni.

Abu na farko shi ne zaɓen katako. Mun ɗauki maɗaci don jikin kabad, saboda ƙarfinsa da kyawun jan launinsa. Ba mu taɓa shi ba sai da muka jera shi a inuwa mako uku, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa. Ɗanyen katako yakan karkace bayan an gama aiki.

Na biyu, awo. Tsayin kabad ɗin inci 36, faɗinsa inci 30, zurfinsa inci 18. Da yake faɗin falankinmu bai wuce inci 12 ba, sai da na haɗa biyu da gam kafin in sami kowane gefe. Bayan na haɗa jikin, Kawu ya sa na auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye. Idan awon biyu suka zo daidai, to, kabad ya miƙe. Idan kuwa suka saɓa, babu durowar da za ta shiga lafiya. Sai da suka daidaita sannan na buga filawud a baya.

Na uku, durowa, kuma nan ne darasin yake. Katako yana shan danshin iska ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Yawancin kumburin ta faɗinsa yake yi, ta tsawonsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Mu kuma a watan Disamba muke aikin, lokacin da katako ya tsuke iyakar tsukewa. Saboda haka Kawu ya ce, "Ɗana, bar rata kamar kaurin tsinken ashana a saman kowace durowa." Na bi maganarsa a guda uku. Ran da zan yi ta sama ba ya nan, sai na ga ratar ba ta yi mini kyau ba, na yi ta cif-cif. Na goge kabad ɗin da samfefa, na shafa masa banish, aka kai ɗakin amarya, kowa na sa mini albarka.

Ashe da sauran rina a kaba. A watan Agusta, ruwa ya yi ruwa, sai ga saƙon Yaya wai in zo maza. Durowar sama ta ƙi buɗuwa, alhali kuɗin adashen matan gidansu na ciki, ga ranar kwasa ta zo. Na tarar an ja marikin har ya fita. Kunya ta rufe ni. Na cire filawud ɗin baya, na ɗora guntun katako a bayan durowar, na riƙa bugawa a hankali har ta fito. Na kankare saman gefunanta, na goga kyandir inda take zamewa, na mayar da mariƙi. Sauran ukun kuwa ko gezau ba su yi ba.

Da na faɗa wa Kawu, murmushi kawai ya yi, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. To, 'yan'uwa, duk wanda zai haɗa durowa da hunturu, ya bar wa damina wurinta. Ina kuma roƙon iyayenmu su riƙa barin mu muna gwada aikin hannu a lokacin hutu, domin da koyo akan iya. Allah ya sa mu dace, amin.