Iskar Metan a Matsayin Makamashin Kumbo: Taƙaitaccen Nazari

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa fadamun Gulbin Rima, wajajen Sabon Birni da Isa, ya san yadda ruwan taɓo kan riƙa tasowa da 'yan kumfa idan an taka shi. Galibin wannan iska ita masana ke kira metan. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilan da suka sa ta zama makamashin kumbo, da abin da wannan ya shafe mu.

Asalinta

Metan tana samuwa ne idan ganye ko kashin dabba ya ruɓe a wurin da iska ba ta shiga. Ita ce kuma mafi rinjaye a cikin gas na ƙarƙashin ƙasa. Alessandro Volta, mutumin Italiya, shi ya fara tantance ta a 1776.

Dalilan zaɓenta

Roka kan ɗauki abu biyu: makamashi, da oksijin ɗin da zai ƙona shi. A da, kananzir da haidurojin ne suka yi fice. To, amma kowanne da illarsa.

Na farko, kananzir yana barin kunkunniya a cikin inji, metan kuwa kusan ba ta bari. Saboda haka injin da aka yi aiki da shi yana da sauƙin sake harbawa.

Na biyu, haidurojin ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri, ga cin wuri. Metan tana zama ruwa a 162, kusa da oksijin mai zama ruwa a 183, don haka adana su tare bai cika wuya ba.

Na uku, ana iya haɗa ta a duniyar Mas, daga iskar can da ƙanƙarar ƙasarta, ta hanyar da Paul Sabatier na Faransa ya gano a 1897. Ke nan matafiyi zai iya samun guzurin komowa a can.

Rokar Zhuque-2 ta ƙasar Sin ita ta fara kaiwa falaki da metan, a watan Yuli 2023. Vulcan ta Amurka ta biyo baya a 2024, sai New Glenn a 2025.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kashin shanu, idan aka kwaɓa shi da ruwa aka rufe a rami, yana ba da gas wanda fiye da rabinsa metan ne, abin da ya rage kuma taki ne. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, ta yi aiki a kan haka. A ƙasar Gobir, inda saran itacen girki ke buɗe wa hamada hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya rage ga ɗaliban Hausa su samar wa wannan ilmi kalmomin da manomi da makiyayi za su gane.