Tushen Dokar Laifuffuka A Arewa

Jama'a, mai son fahimtar doka sai ya waiwayi tarihinta. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba bisa Malikiyya, domin dokar Turawa tana sassauta wa wanda aka tunzura ya yi kisa. Irin wannan saɓani ya sa a 1958 Gwamnatin Arewa ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, aka samo Final Kot, wadda ta fara aiki a 1960. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya hana hukunta kowa sai da rubutacciyar doka, shi ya sa Zamfara ta tsara hukunce-hukuncen Shari'a cikin kundi a 2000. Allah Ya ƙara mana fahimta, amin.