Wanne ne kayan lambu a kwanon yaro?

A darasin kiwon lafiya na bana, mu ɗaliban aji na shida mun tsaya kan tambaya guda: in uwa ta ce ta ba ɗanta khudar, wato kayan lambu, me ya kamata a gani a kwanon?

Tambayar ba wasa ba ce. Yaron da ya ƙoshi da asida ko kisra kaɗai cikinsa ya cika, amma jikinsa na iya rasa sinadarin bitamin A da na ƙarfe. Rashin na farko ke kawo dundumi, yaro ya daina gani sosai da magariba. Rashin na biyu kuwa ƙarancin jini ne, yaro ya riƙa gyangyaɗi a kan allonsa.

Mun kasa abincinmu gida uku. Na farko masu cika ciki: dawa, gero, alkama, rogo da bambai, wanda kakanninmu ke kira dankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa dankali da rogo cikin kayan lambu, ko da a lambu aka haƙo su. Na biyu masu gina jiki: ful, adas, wake, gyaɗa, madara da kifin Nilu. Na uku su ne kayan lambu na gaskiya: lalo da ake ce wa khudra, rijla, jirjir, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, aswad, zogale da yakuwa. A shawarar hukumar ta 2023, ɗan shekara 2 zuwa 5 yana bukatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da kayan marmari a yini, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga 10 zuwa sama giram 400.

To, ina matsayin salsa, wato tumatirin gwangwani? Wani a ajinmu ya ce ai tumatir ne. E, amma cokali biyu a tukunyar mutum goma ja kawai yake ba miya. An taɓa irin wannan gardama a Amurka a 1981, lokacin da gwamnati ta kawo shawarar da za ta bari a lissafa kecap a matsayin kayan lambu a abincin makarantu. Jama'a suka yi ca, aka janye ta.

Weka da kuka fa? Waɗannan suna shiga lissafi, domin kuɓewa ce da ganye aka busar. Sai dai abin da ake barbaɗawa a mulah kaɗan ne, kuma shanya a rana tana rage wasu sinadaran. Gara a shanya ganye a inuwa. Haka kawal, wanda da ganyen tafasa ake yin sa.

Mun san tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 kasuwa ta yi tsada daga Wad Madani har Sinnar da Mai Wurno. Amma rijla tana fitowa da kanta a bakin tur'a, zogale kuma yana rayuwa a bayan ɗaki da ruwan alwala. Iyayenmu mata, don Allah a ɗebar wa ƙananan ganyen tukuna kafin a zuba romo, a sa ɗan mai ko dakwa, domin bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki sosai. Mu ma yayye, mu daina tsince ganye muna turewa gefe, ƙannenmu suna kallonmu.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.